Neman kalmar Hausa: me za mu kira “Dreamtime” na ’yan asalin Ostireliya?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum, malamai da ’yan’uwa. Ina haɗa shiri na minti ashirin a kan dutsen Uluru da ke tsakiyar Ostireliya, ranar Alhamis da safe za a ɗauki muryata, ga shi kalma ɗaya ta tsaya mini. Mutanen Anangu, ’yan asalin yankin, waɗanda gwamnati ta mayar wa mallakar dutsen ranar 26 ga Oktoba 1985, suna da abin da suke kira Tjukurpa, Turawa kuma suka kira shi “Dreamtime” ko “Dreaming”. A imaninsu, waɗansu magabata masu kamar mutane da dabbobi ne suka ratsa ƙasa tun farkon fari, suka bar sawunsu a duwatsu da koguna da idanun ruwa, kuma daga tafiyar tasu aka samo dokokin aure da farauta da zumunta, da waƙoƙi da bukukuwan da ake yi har yau. A jikin Uluru akwai alamun da suke nunawa su ce nan ne Kuniya, wata mesa, ta gwabza da Liru, maciji mai dafi. Girmama wannan imani ne ya sa aka hana hawa dutsen daga 26 ga Oktoba 2019. Na rubuta “zamanin mafarki”, amma raina bai kwanta da shi ba.

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam, Malama. Ki cire mafarki gaba ɗaya, domin idan Bahaushe ya ce wa mutum mafarki yake yi, ya ƙaryata shi ke nan. Kalmar Turancin ma ba daga bakin masu abin ta fito ba, ta yaɗu ne daga rubuce-rubucen Spencer da Gillen, Turawa biyu masu nazarin al’adu, a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da suke fassara kalmar Alcheringa ta mutanen Arrernte, wata al’umma ta ’yan asalin Ostireliya, kuma masana sun daɗe suna kokawa da ita. Tatsuniya ma ba za ta yi ba, tunda mai ba da ita da kansa yake rufewa da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya. Ni ina ganin “tarihihi” ya fi kusa, irin labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, inda labarin yake manne da wurin da kowa zai iya zuwa ya gani.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, tarihihi kalmar aji ce, manomin da ke sauraren rediyo a bakin gona bai taɓa jin ta ba. Kuma tarihihi labari ne kawai, alhali abin da Malama ta bayyana ya haɗa labari da doka da ibada, kuma su masu shi ba su ɗauke shi abin da ya wuce ba, a wurinsu yana nan yana gudana. Ni da na ce “tushiya”, tunda kowa ya san tushiya masomin dawa, kuma tushiya tana nan a ƙasa ko bayan an yi girbi.

Baba Tsohon Malami: ’Ya’yana, kun bar kalma a gida kuna nema a daji. Hausa tana da “dauri”, muna cewa mutanen dauri, muna cewa tun zamanin dauri. Daga nan na ƙera “Dauriyya”, a kan awon jahiliyya da zamaniyya, wato tsarin rayuwa da imani da aka gada daga dauri. Na daɗe ina amfani da ita idan ina koyar da addinan gargajiya, kuma ba ɗalibin da ya taɓa cewa bai gane ba. Malama, ki rubuta Dauriyya ki huta, har ma ga bori da sauran makamantansa za ta yi aiki.

Ɗan Damagaram: Baba, ranka ya daɗe, a rediyo ba a ganin rubutu. Duk wanda ya ji Dauriyya zai ɗauka “dauriya” ake nufi, wato juriya, wata uwa kuma za ta tuna da daurin da ake ba jarirai. Ban da haka, me ya sa duk lokacin da za a ƙera kalma mai nauyi sai an liƙa mata wutsiyar Larabci, kamar Hausa ba ta iya tsayawa da ƙafarta?

Baba Tsohon Malami: Yaro, wannan wutsiyar ta riga kakanka zama a Hausa. Da wace kalma kake cewa jamhuriya, da siyasa, da al’ada? Ku da kuke cika zancenku da Faransanci ba ku ne za ku koya wa Kano da Sakkwato tsarkin harshe ba. Abin da ya fi damuna shi ne kada a bar kalmar waje a cikin shirin kamar yadda ’yan jaridar yanzu suka saba, domin wannan yana nuna wa duniya cewa harshenmu ya gaza, alhali miliyoyin mutane suna magana da shi daga Agadas har Kumasi.

Ɗan Damagaram: Baba, ban raina ka ba, amma Hausar Damagaram ba ’yar rakiya ba ce, kuma Turancin da ke cikin Hausar Kano bai gaza Faransancin da ke cikin tamu ba.

Ɗalibin Ilimi: Ni ban ga abin wahala ba. Imani ne da macizai da duwatsu, a kira shi tsafi ko camfi, a wuce wurin.

Mai Shirin Rediyo: Ɗan’uwa, ni Musulma ce kamar kai, kuma ba ina kiran kowa zuwa ga wannan imani ba ne. Aikina shi ne in faɗa wa mai saurare abin da mutanen suka yi imani da shi kamar yadda yake a wurinsu. Idan na ce camfi, na yanke hukunci kafin in ba da labari, kuma mai saurare ba zai taɓa gane dalilin da ya sa gwamnatin ƙasa ta yarda ta rufe hanyar da masu yawon buɗe ido suka yi shekaru suna bi ba. Tsafi kuwa a kunnen Bahaushe yana kawo yanka da asiri da cutar da wani, wanda ba shi ne zancen ba. Ina roƙo mu dawo kan kalmar, lokaci yana ƙure mini.

Malamin Adabi: To, na janye tarihihi, hujjar Ɗan Damagaram ta fi tawa. Amma Baba, ka yi haƙuri, barin sunan asali ba gazawa ba ne. Kafin Turawan Ingila su sauka a 1788, ana magana da harsuna kusan 250 a nahiyar Ostireliya, kuma kowace al’umma da sunan da take kiran nata: Warlpiri suna cewa Jukurrpa, Arrernte suna cewa Altyerre, wadda daga ita ce Alcheringa ta fito. Kuskuren Turanci shi ne zuba su duka a ƙwarya ɗaya, bai kamata mu maimaita shi da Hausa ba. Mu ma ba ma jin daɗi idan baƙo ya canza wa bori suna. Malama, ki ambaci Tjukurpa da sunansa, ki furta shi “Cukurfa”, sannan ki bi shi da bayani. Ina ba da shawarar “turbar magabata”, domin turba hanya ce da ake gani a ƙasa, kuma ita ce abin da ake ɗora yaro a kai ya bi, ga shi ba ta mutu ba muddin ana takawa.

Ɗan Damagaram: Turba ta ɗauki tafiyar da dokar, amma ta bar halittar ƙasar a baya, kuma “magabata” za ta sa a zaci mutane ne zalla. Har yanzu tushiya ta fi mini, sai dai ba zan hana ba.

Baba Tsohon Malami: Wannan bayani ne, ba kalma ba, kuma ranar da za a rubuta ƙamus sai an dawo neman kalma guda. Na ji abin da aka ce game da dauriya, zan sake duba awon, amma ban janye tawa ba.

Mai Shirin Rediyo: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta jimlar: “Wannan imani da suke kira Cukurfa, wato turbar magabatansu na farko, waɗanda suka ce su ne suka sassaƙa ƙasar suka kuma shimfiɗa dokokinta.” Bayan wannan zan riƙa cewa Cukurfa kawai. Saura kalmar “totem”, wato dabbar da wani dangi ke ɗauka tasu ce suna girmama ta, da ta zo sau biyu a shafi na uku. Na ji ana cewa Maguzawa suna kiran irin wannan dabba “kan gida”, ko akwai wanda zai tabbatar mini kafin daren Laraba?