Neman shawara: wace hanya zan bi da keke mai giya a kewayen Zuru?

Malam_Rikoto ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a nan Zuru, na ɗan haura shekara arba'in. Na sayi keken hawan tudu na gwanjo, mai ƙibar taya, farantan haƙora uku a gaba, bakwai a baya, da niyyar in riƙa motsa jiki da sassafe. Keke na iya shi tun ina yaro, amma irin na da, mai birkin sanda, wanda ba ruwansa da giya.

Kun san garinmu duwatsu ne suka kewaye shi, duk inda ka nufa hawa ne ko gangara. Ina son hawan, don shi nake ganin zai rage mini teɓa ya gyara numfashi. Abin da ba na so shi ne hanyar da sai gwani, mai manyan duwatsu da ramuka, wadda zan je in karya ƙafa in bar ɗalibaina da jarrabawa a gaba. Yaya zan tsara hanya mai tudu amma marar haɗari? Tsawonta ya kamata ya kai nawa a farko? Kuma kwalta zan bi ko hanyar gona?

Baba_Mai_Faci ya amsa:

Wa'alaikumus salam Malam. Ni gyaran keke ne sana'ata, to bari in fara da keken kafin hanya, domin yawancin waɗanda ke cewa tudu ya gagare su giya ce ba su iya ba.

Duba haƙoran nan naka. A irin kekunan da ake kawo mana, ƙaramin na gaba yakan zo da haƙori 24, babban 42, na baya kuma daga 14 zuwa 28. Tayarka in mai lamba 26 ce, juyi ɗaya tana cin mita biyu da ɗan ɗoriya. In ka ɗora sarƙa a babban gaba da ƙaramin baya, taka feda ɗaya zai kai ka mita shida. In ka mayar da ita ƙaramin gaba da babban baya, bai kai mita biyu ba. Wannan na biyun shi ne na tudu. Ƙafarka za ta riƙa juyawa da sauri keken na tafiya a hankali, yara ma su yi maka dariya, kada ka kula su. Gwiwarka kake karewa.

Ka sauya giya tun kana gindin tudu, kana takawa a sassauce. Wanda ya bari sai ya kai tsakiya, ya danne feda da dukkan ƙarfinsa sannan ya murɗa, shi ke kawo mini sarƙa a tsinke. Kada kuma ka haɗa babban gaba da babban baya, sarƙar na karkacewa ta ci haƙora.

Sirdi ka ɗaga shi yadda in ka zauna ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafar za ta miƙe sak. Mutanenmu sun saba da sirdi a ƙasa don tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, shi ke kawo ciwon gwiwa. Iska kuma kada ka bari mai famfo ya cika tayar ta yi tauri kamar dutse. A kan tsakuwa sai ta riƙa tsalle tana zamewa. Ka bar ta yadda in ka danna da babban yatsa da ƙarfi za ta ɗan lotsa. Ka riƙa tafiya da tif ɗaya sabo da ƙaramin famfo, don ƙaya ba ta ƙarewa a hanyar gona, musamman bayan girbi.

Ɗan_Gwandu ya amsa:

Gaishe ka Baba, ka gama magana a kan keke. Malam, ni daga Birnin Kebbi nake, inda sai mun nemi tudu da kyar, ku kuwa Allah ya ba ku shi a ƙofar gida. Shawarata kada ka tsara doguwar tafiya. Ka nemi tudu ɗaya kusa da gida, ka mai da shi wurin horonka.

Tudun da ya dace da sabon shiga shi ne wanda a kowace mita 100 ta tafiya yake ɗagawa mita 3 zuwa 5. Idan ya kai mita 10 a cikin 100, ka bar shi tukuna. Tsawonsa ya zama kamar rabin kilomita. A ce yana ɗagawa mita 5, to hawa ɗaya mita 25 ke nan, hawa huɗu ka haɗa mita 100, kuma duk lokacin da ka ji jiki ya ƙi, gida na kusa. In kana son lissafin ya fito fili, sa manhajar Strava a wayarka ka bi hanyar sau ɗaya, za ta zana maka hawa da gangarar duka. Amma ma'aunin da ya fi wayar shi ne bakinka: in kana hawa kana iya amsa gaisuwar mutane da cikakkiyar magana, daidai kake. In sai dai ɗaga hannu, ka rage giya ko ka sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne.

Yadda nake so ka jera ta: minti goma na farko a shimfiɗaɗɗen wuri don jiki ya ɗumama, sannan tudun sau biyu ko uku, sannan ka dawo ta hanya mai sauƙi. Duka kada ta wuce minti 40 a makonnin farko, sau uku a mako, da ranar hutu tsakani. Daga nan ka riƙa ƙara hawa ɗaya duk mako ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ka ga cikin wata biyu za ka kai nan ba tare da ka wahalar da kanka ba.

Batun kwalta ko hanyar gona, ni na fi son jar hanya wadda motoci da babura suka daddale. Kwaltar Dabai tana da santsin tafiya, amma da masu kabu-kabu da manyan motoci za ka yi ta rabon hanya. Ka guji turbar da ruwan damina ya zaizaye, da gangarar da tsakuwa ta taru a gindinta, da duk inda ke da yashi a kwana. Kuma kafin ka hau, bi ta da ƙafa. Sabon shiga a gangara yake faɗuwa, shi ya sa za ka zaɓi tudun da saukarsa a miƙe take, kana hango ƙarshenta. Wajen sauka ka ja gindinka baya, feda biyu su daidaita, ka matsa birkin gaba da na baya tare, a hankali. Damƙe na gaba shi kaɗai yana wuntsilar da mutum. Hular kwano kuma dole ce.

Maman_Hauwa ta amsa:

Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Tunda ka haura arba'in kuma ka daɗe ba ka motsa jiki ba, ka je a auna maka jini da sukari kafin ka fara. In kana hawa ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo yana sauka hannun hagu, ka tsaya nan take ka nemi asibiti.

Ruwa ka ɗauki leda ɗaya ko biyu na kowace awa, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin nan yakan kai digiri 40, don haka ka fita bayan asuba da gari ya waye, ka dawo kafin takwas. Sannan abin da duk muka sani: kada ka yi nisa da gari. Bangaren Ribah da Wasagu ba wurin yawon keke ba ne a halin da ake ciki. Ka tsaya inda ake ganin gidaje da masu tafiya gona, ka faɗa wa iyali hanyar da ka bi da lokacin dawowarka.

Malam_Rikoto ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, gwajin zan fara yi kafin komai. Ɗan Gwandu, akwai wata jar hanya bayan unguwarmu da masu kai taki gona ke bi, hawanta a hankali yake kuma ana hango gari daga samanta. Ranar Asabar zan taka ta da ƙafa in duba gangarar. Baba, na lura in na sa ƙaramin haƙorin gaba sarƙar na gogar ƙarfen da ke tura ta, tana ƙara. Gyara ne ko sai an sauya?

Baba_Mai_Faci ya amsa:

Gyara ne Malam, ba sai ka kashe kuɗi ba. Akwai ƙananan sukurori biyu a jikin ƙarfen, ɗaya an rubuta masa L, ɗaya H. Na L ɗin ake ɗan sassautawa har ƙarfen ya matsa ciki ya bar sarƙar. Kada ka yi da kanka a karon farko, kai wa mai gyara ka tsaya kana kallo. Ka ce ya duba maka robar birki a lokaci guda, na gwanjo sau da yawa sun cinye.