Tambayar lissafin da ta tsaya muku a wuya a jami'a, yaya kuka yi da ita?

Auta_Gona:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji uku a tsangayar aikin gona, kuma wannan simesta kwasa-kwasai huɗu suka taso mini a lokaci guda: ƙididdiga, jinetiks (ilimin gado), tattalin arziki, da wani na harkar kuɗin kamfani da aka aro mana daga sashen kasuwanci. Fomula dai duk na haddace. Amma da zarar malami ya ɗan juya tambaya, sai kaina ya ɗaure, in rasa wacce zan ɗauko. Waɗanda suka wuce wannan matakin, don Allah kowa ya faɗi tambayar da ta fi ba shi wahala da yadda ta warware masa. Ba na son nasihar "ka dage da karatu", wannan ina samu a gida.

Maman Ilham:
Wa alaikumussalam ƙanina. Ni a jinetiks ne na gane cewa ƙididdiga da ilimin gado abu ɗaya ne aka raba wa malamai biyu. An ba mu alƙaluman Mendel, uban ilimin gado, na ainihi, na waken da ya shuka a lambun gidan ibadarsu a birnin Brno na ƙasar Czech ta yanzu, wanda ya wallafa a 1866. Ƙwaya 556 ne: 315 masu santsi rawaya, 108 masu santsi kore, 101 masu tamoji rawaya, 32 masu tamoji kore. Aka ce mu gwada ko sun dace da rabon 9:3:3:1. Rabin aji suka fara raba 556 gida huɗu, wai ai rukuni huɗu ne. A nan aka watse. Rabon jimillarsa 16 ne, don haka abin da ake sa rai a rukunin farko shi ne 9 bisa 16 na 556, wato 312.75, na tsakiya biyu 104.25 kowanne, na ƙarshe 34.75. In ka cire abin da ake sa rai daga abin da aka gani, ka ninka bambancin da kansa, ka raba da abin da ake sa rai, ka tara duka huɗun, za ka samu wajen 0.47. Wannan gwajin shi ake kira kai-sukwaya. Sai ka duba teburinsa a layi na 3, domin rukuni huɗu ne a cire ɗaya, ƙarƙashin 0.05 ka ga 7.815. Namu bai ko kusa ba, ke nan babu hujjar yin watsi da rabon. Tun daga ranar, kowace tambaya aka ba ni sai na fara rubuta "me ake sa rai, me aka gani" a gefen takarda kafin in taɓa kalkuleta.

Ɗan Samaru:
Anti, kin tuna mini da malaminmu. In ka rubuta "wannan ya tabbatar da ka'idar Mendel" sai ya zaftare maka maki biyu ko da lissafinka ya fita tsaf. Yakan ce gwajin bai tabbatar da komai ba, ya kasa ƙaryatawa ne kawai. A lokacin muna ganin tsaurin kai ne. Sai da na zo rubuta furojet na ga cewa gaskiya yake da ita, domin bayanaina ma sun "dace" da hasashe biyu da suka saɓa wa juna, saboda samfurin ya yi kaɗan. Af, shi ne kuma ya ba mu labarin cewa Fisher, masanin ƙididdiga, a 1936 ya ce alƙaluman Mendel sun yi kyau fiye da yadda sa'a za ta bayar. Har yau masana ba su gama gardama a kai ba.

Hajara Lab:
Tawa ta sikila ce, kuma ita ce har yanzu nake fama da ita a wajen aiki, ba a aji ba. Tambayar ta ce miji AS, mata AS, suna da 'ya'ya uku, mene ne yiwuwar a samu aƙalla ɗaya SS? Kusan kowa ya rubuta ɗaya bisa huɗu, wasu suka ce uku bisa huɗu domin 'ya'ya uku ne. Duka biyun kuskure ne. Ɗaya bisa huɗu na kowane ciki ne shi kaɗai, kuma wani cikin bai san abin da ya faru a na gabansa ba. Hanya mafi sauƙi ka bi ta baya: yiwuwar yaro ɗaya ya tsira uku bisa huɗu ne, su uku duka su tsira 27 bisa 64, sauran 37 bisa 64 shi ne amsa, wajen kashi 58 cikin ɗari. Duk inda ka ga "aƙalla ɗaya" a tambaya, lissafa "babu ko ɗaya" ka cire daga ɗaya.

Abin da ya sa na ce ina fama da ita a wajen aiki, masu shirin aure suna zuwa karɓar sakamakon gwajin jini, sai ka ji namiji ya ce to in dai ɗaya cikin huɗu ne, za su tsaya a haihuwa uku. Wallahi na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba. Ɗan fari ma yana iya zuwa da SS, na biyu ma haka.

Abu Sadiq:
Allah ya saka da alheri Malama Hajara. Bari in ƙara da ka'idar Hardy da Weinberg ta 1908, ta lissafin yawan ƙwayoyin gado a cikin al'umma, inda q ke nufin kason S, p kuma kason A, tunda Auta zai haɗu da ita. In aka ce jariri ɗaya cikin ɗari SS ne, mutane sai su ɗauki 0.01 a matsayin q. A'a, wannan q² ne. Tushensa 0.1 shi ne q, p ya zama 0.9, masu AS kuma 2pq, wato 0.18. Mataki ɗaya tak ake tsallakewa, amma duk amsar ta lalace.

Akanta_Bello:
Ku kuna ta wake da jini, bari in kawo ta kuɗi. A kwas ɗin kuɗin kamfani, abin da ya daɗe bai shiga kaina ba shi ne dalilin da zai sa aikin da ya dawo da fiye da abin da aka zuba a ce asara ne. Misalin da aka ba mu: a sayi injin niƙa a naira miliyan ɗaya, yana kawo 400,000 duk shekara har shekara uku. Jimilla 1,200,000, riba 200,000 ƙiri-ƙiri. Amma in kuɗinka zai iya kawo maka kashi 15 cikin ɗari a wani wurin, to 400,000 ta baɗi darajarta a yau 347,826 ce, ta shekara ta biyu 302,457, ta uku 263,006. Ka tara, 913,289 ke nan, ba ta kai miliyan ba, NPV, wato darajar kuɗin a yau in an cire jari, ta faɗi ƙasa da sifili da wajen dubu 87. In ka sauke zuwa kashi 8 kuma aikin ya koma mai riba da wajen dubu 31. Iyakar tana wajen kashi 9.7, shi ne IRR, wato kason da NPV ke zama sifili a kansa.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne zana layi, in sa 0, 1, 2, 3 a kai, in rubuta kowane kuɗi ƙarƙashin shekararsa. Galibin masu faɗuwa a kwas ɗin nan fomularsu daidai ce, kuɗin ne suka ajiye a shekarar da ba tasa ba. Ku kula da Excel ma: fomular NPV tasa tana ɗaukar adadin farko a matsayin na ƙarshen shekara ta ɗaya, don haka jarin da aka zuba yau a waje ake cire shi, ba a sa shi ciki.

Ummu Hanif:
Malam Bello, ni abin da ya dame ni a ajin nan daban ne. Duk tambaya sai ka ga "kuɗin ruwa kashi kaza", har na fara jin kamar ana koya mini abin da addini ya hana. Na je na tambayi wata malama a sashenmu, ta ce in karanta adadin a matsayin ribar da zan rasa in na bar wata sana'a na zuba kuɗin a wannan. Ba dole sai bashi da ruwa ba. Ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, sai sun auna abin da jari zai kawo a nan da abin da zai kawo a can. Kuma wanda ya rayu a 2024, lokacin da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani cewa dubu ɗari ta yau ta fi ta baɗi.

Issoufou Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni da Faransanci na yi karatu har na shigo Najeriya yin digiri na biyu. Lissafin ɗaya ne, amma mu waƙafi muke sa wa a inda kuke sa ɗigo. In na ga 1,250 sai idona ya karanta ɗaya da kwata, alhali dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ake nufi. Wanda ke ɗauko darasi daga intanet ya duba wace ƙasa aka rubuta shi kafin ya kwafi lamba.

Baba Dawanau:
Ni ba yaro ba ne, da girmana na koma karatu, ina sana'ar hatsi ina zuwa lakca ƙarshen mako. Tambayar da ta sa ni gumi ita ce ta yadda masu saye ke ja da baya in farashi ya tashi. An ce kwanon gero ya tashi daga 1,000 zuwa 1,200, ciniki ya sauka daga kwano 100 zuwa 90. Na raba kason raguwar ciniki da kason tashin farashi na samu 0.5. Abokina ya fara daga sabon farashi ya dawo tsohon, ya samu 0.67. Muka yi ta musu, kowa da takardarsa, ashe dukkanmu babu wanda ya yi kuskure, ma'aunin ne ya bambanta. Shi ya sa ake raba canjin da matsakaicin lambobin biyu: 10 bisa 95, a raba da 200 bisa 1,100, a samu 0.58 ta kowace fuska aka taso. To amma ni abin da ya fi burge ni ma'anar. Duk amsar da ta gaza ɗaya tana nufin mai sayarwa ya ƙaru da tashin farashi, kuma ga shi: da 100,000 yake tarawa, yanzu 108,000. Wannan na san shi tun ina yaron shago, mutum ba ya daina cin tuwo don gero ya yi tsada, sai dai ya rage nama.

Inda nake ganin yara na zamewa kuma shi ne azumi. In sukari ya yi tsada a Ramadan amma ciniki ya ƙaru, sai su ce ka'idar ta ƙarye. Ba ta ƙarye ba, layin bukata ne, wato zanen da ke nuna yawan abin da ake saye a kowane farashi, gaba ɗaya ya matsa dama, ba tafiya aka yi a kan tsohon layin ba. Ka tambayi kanka: farashi ne ya fara motsi, ko wani abu ne ya motsa mutane?

Ɗan Samaru:
Baba, ka gama magana. Auta, ƙarin abu ɗaya kan kalkuleta. In kana amfani da Casio, bayan ka shigar da lambobi za ta ba ka σx da sx, ma'aunai biyu na yadda lambobin suka bazu. Ta farko tana rabawa da n, wato yawan lambobin, ta biyu da n a cire ɗaya. In tambaya ta ce an ɗebo gonaki goma daga cikin na ƙaramar hukuma, samfuri ne, sx za ka ɗauka, kuma teburin t za ka duba ba na z ba, tunda sun yi kaɗan kuma ba a ba ka σ na asali ba. Manhajojin waya masu amsa tambaya ma na ga sun ɗauki wadda ba ita ba, su kawo ta da cikakken bayani kamar gaske. Ni sai na gama nawa nake ba su, in mun saɓa in bi layi-layi in ga wa ya kauce.

Auta_Gona:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Hajara, na gwada taki da 'ya'ya huɗu: duka su tsira 81 bisa 256, aƙalla ɗaya SS 175 bisa 256, wajen kashi 68. Haka ne?

Hajara Lab:
Haka ne ƙanina. Yanzu gwada wannan, don ita malamai suka fi so: cikin huɗun a samu SS guda ɗaya tak. Kada ka tsaya a ɗaya bisa huɗu sau 27 bisa 64, domin mai sikilar yana iya zama na fari, na biyu, na uku ko auta, sai ka ninka da huɗu. In ka samu 108 bisa 256 ka turo, in ba ka ta tagwaye.