Me za mu kira "lavender marriage" da Hausa?

Jama'a, masu fassara labaran tsofaffin taurarin Hollywood suna yawan cin karo da wannan kalma, kowa kuma yana juya ta yadda ya ga dama. Ana nufin auren da ake ɗaura wa ɗan wasa don a toshe bakin masu cewa yana neman jinsinsa. Lavender fure ne mai launin shunayya, Amurkawa suka alaƙanta launin da wannan harka. A wurinmu "auren shunayya" ba ya nufin komai, don haka mu ajiye shi gefe.

Abin ya samo asali ne daga kwantiragi. Tun 1921, bayan abin kunyar da ya faɗa wa ɗan wasan barkwanci Roscoe Arbuckle, kamfanin fim na Universal ya fara sa sharaɗin ɗabi'a a takardar aiki: ka zubar da mutuncinka a idon jama'a, a sallame ka. A shekarun 1950 kuma ga mujallar Confidential, wadda tonon silili ne abincinta. A cikin wannan yanayi tauraron fim Rock Hudson ya auri Phyllis Gates a watan Nuwamba na 1955, ita kuwa sakatariya ce a ofishin Henry Willson, wakilin da ke nemo masa aiki. Auren ya mutu a 1958.

Wani malami ya kawo shawarar a kira shi "auren rufin asiri". Allah ya gafarta malam, ai kowane aure rufin asiri ne a wurin Bahaushe, addu'ar da ake yi wa amarya ke nan. Ban so mu ɗauki kalma mai albarka mu shafa mata wannan ma'ana. "Auren sutura" ma haka, tunda Alƙur'ani ya kira ma'aurata tufafin juna. "Kisan wuta" yana da nasa gurbin bayan saki uku. "Auren bogi" kuwa ya kauce, domin an ɗaura shi bisa doka, da shaidu da takarda.

Saura biyu: "auren ganin ido" da "auren rufa-rufa". Na farkon ya yi faɗi, har wanda ya yi aure don kuɗi ko sarauta ya shiga ciki. Ni na tsaya a kan auren rufa-rufa, saboda yana nuna akwai abin da ake ɓoyewa, kuma akwai masu hannu a ɓoyewar, wato kamfani da wakili da 'yan jarida.

Sai dai kalmar tana yanke hukunci da kanta, nan ne nake jin tsoro. Ko a kan Hudson, wanda lamarinsa ya fito fili gab da rasuwarsa a 1985, Gates ta dage cewa don so ta aure shi, ba ta san komai ba. To ina ga tauraro Cary Grant? Hujjar masu magana ita ce ya zauna gida ɗaya da ɗan wasa Randolph Scott a shekarun 1930, da hotunansu a bakin wurin ninƙaya. Grant ya yi aure sau biyar, ya maka ɗan wasan barkwanci Chevy Chase a kotu a 1980 kan irin wannan shaguɓe, 'yarsa Jennifer ma ta musanta zancen. Wanda ya rubuta "auren rufa-rufa" a kan matansa biyar ya yi musu ƙazafi, ga shi maigidan ya rasu tun 1986, ba shi da bakin kare kansa.

Saboda haka shawarata ga masu fassara: auren rufa-rufa idan ana bayanin al'adar Hollywood ta wancan zamani. Idan an kama sunan mutum kuwa, a rubuta "auren da ake zargin na rufa-rufa ne", a kuma faɗi wanda ya yi zargin da shekarar da ya yi shi.