Hawan keke a hanyoyin Duwatsun Shere: daga ina sabon shiga zai fara?

Baƙon Jos ya rubuta:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aiki ya dawo da ni Jos daga Kano. Tun ina yaro nake hawa keke, amma duk hawan da na sani na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, inda mutum zai taso daga Kabuga ya miƙi titin Gwarzo ya yi ta tafiya ba tare da ya haɗu da tudun da zai tashe shi daga kan sirdi ba. Da na zo nan na ga duwatsu ta kowace fuska, sai na sayi keken gwanjo irin na hawan dutse, mai faffaɗar taya da giya 21 da shoka a gaba.

Ranar Asabar da ta wuce na fita ni kaɗai bayan sallar asuba, na bi ta Lamingo, na wuce dam, sannan na bar titi na shiga wata 'yar hanyar ƙafa da ta nufi gindin Duwatsun Shere. Wajen hawa numfashina ya riƙa yankewa fiye da yadda na saba, har sai da na sauka sau biyu na tura keken. A dawowa ne matsalar ta faru. Na shigo wata gangara mai tsakuwa, keken ya fara gudun da ya fi ƙarfina, sai na matse birkin hagu da ƙarfi, nan take wilin baya ya ɗaga sama na kifa ta kan keken na faɗi a kan kafaɗa. Gwiwar hannuna ta ɗaye, wilin gaba kuma ya ɗan karkace. Wata dattijuwa da ke saukowa ɗauke da itace ce ta ajiye kayanta ta ɗaga ni, ta yi ta yi mini sannu har na dawo hayyacina. Ban yi nisa ba kuma tayar baya ta sace, na turo keken kusan sa'a guda kafin na sami mai faci.

Duk da haka wurin ya shiga raina, kuma ina so in koma. Ina roƙon waɗanda suka san waɗannan hanyoyi su faɗa mini inda ya kamata in fara, da yadda ake sauko da gangara irin wannan lafiya, da kuma lokacin da ya fi dacewa da fita a cikin shekara.

Ɗan Bukuru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Kafin komai ina so ka tsaya a gefen kekenka, ka matse birkin hagu ka tura shi gaba, ka ga wane wili ne ya tsaya. Ina kyautata zaton na gaba ne. Kekunan da muka tashi da su irin su Rali an haɗa su ne bisa tsarin Ingila, wato birkin gaba a hannun dama, na baya a hagu, kuma birkin hannu na babur ma na gaba ne a dama. Amma kekunan gwanjo da ake kawowa daga Amurka da mafi yawan ƙasashen Turai a juye suke, hagu shi ne na gaba. Idan haka ne, hannunka ya yi abin da ya saba ne tun yarinta, ya nemi birkin baya sai ya kama na gaba.

Kada wannan ya sa ka ji tsoron birkin gaba, domin shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke a gangara, na baya shi kaɗai jan taya kawai zai yi a kan tsakuwa. Abin da ake yi shi ne a rage gudu tun kafin a shiga gangarar, a riƙa latsa birkunan biyu tare a hankali da yatsa ɗaya ko biyu, ba a damƙe su lokaci guda ba. Ka tashi daga kan sirdi, ka daidaita fedojin biyu a tsayi ɗaya, ka lanƙwasa gwiwoyinka da hannayenka, ka ɗan ja jikinka baya gwargwadon tsinin gangarar. Idonka kuma ya kasance a kan inda kake so ka bi, domin duk dutsen da ka ƙura wa ido, shi taya za ta nufa. Idan gangarar doguwa ce, ka tsaya a samanta ka sauke sirdin ƙasa kaɗan, sai ka mayar da shi idan ka sauka. Hular kwano kuwa ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne a kan duwatsu.

Maganar numfashi ba rauninka ba ne. Kano ba ta kai mita 500 daga saman teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800. Ga ƙarancin iska ga kuma hawan da ƙafarka ba ta saba da shi ba. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kana gindin tudu, kada ka bari sai feda ta yi nauyi, domin sauya giya a tsakiyar hawa shi ke tsinka sarƙa.

A ganina ka yi gaggawar zuwa Shere. Ka fara da filayen da ke tsakanin Rayfield da Bukuru, inda tsofaffin kamfanonin haƙar kuza suka bar tuddan ƙasa da faffaɗan hanyoyi. A nan za ka sami gajerun hawa da gajerun gangara waɗanda za ka iya maimaitawa sau goma a safiya ɗaya har hannunka ya saba. Sai dai ka nisanci bakin kududdufan kuza, domin suna da zurfi sosai kuma gaɓarsu tana zaftarewa, sannan kada ka bar hanyar da aka taka ka kutsa cikin ciyawa, saboda akwai ramukan masu haƙa da ciyawa kan rufe bakinsu. Idan ka yi makonni huɗu ko biyar a haka, sai ka koma wajen Lamingo.

Mai Gyaran Keke ya amsa:

Sannu da jiki, Malam. Ni zan tsaya ne a kan keken. Wilin da ya karkace kada ka ci gaba da hawa da shi, ka kai a ɗaure wayoyinsa a daidaita, domin idan birkinka mai roba ne da ke kama bakin wili, karkataccen wili zai sa ya riƙa kamawa yana saki ba da saninka ba.

Sacewar taya a irin waɗannan hanyoyi iri biyu ce, kuma da ka ciro tiyub za ka gane wadda ta same ka. Idan huda ɗaya ce ƙarama, ƙaya ce, galibi tsidau, kuma dole ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ta kafin ka mayar da tiyub, in ba haka ba za ta sake huda shi kafin ka kai titi. Idan kuwa huda biyu ce kusa da juna kamar saran maciji, to iska ce ta yi kaɗan, dutse ya matse tiyub da bakin wili. Mutane da yawa kuma kan yi kuskuren ɗura iska har taya ta yi tauri kamar ta titi, sai ta riƙa tsalle a kan tsakuwa ta ƙi kama ƙasa. Ga mutum mai matsakaicin nauyi da taya mai tiyub, awo 30 zuwa 35 a ma'aunin famfo ya wadatar.

Kada ka sake fita ba tare da tiyub na ajiya da ƙaramin famfo da faci da sholisho da makullan kwance keke ba. Ka duba lambar da ke jikin tayarka kafin ka sayi tiyub, domin akwai inci 26 da 27.5 da 29, kuma mafi yawan kekunan gwanjo masu giya 21 inci 26 ne. Abu na ƙarshe da ke ci mini rai shi ne baƙin mai da ake shafa wa sarƙa. Yana kama yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙar da haƙoran giya a damina ɗaya. Ka goge sarƙa da tsumma bayan kowace fita, ka ɗiga mata mai marar kauri, ka sake gogewa.

Tsohon Malamin Makaranta ya amsa:

Ɗana, na ji daɗi da ka ambaci dattijuwar nan, domin hanyar da ka faɗi a kanta tata ce. Ba a yi waɗannan hanyoyi domin keke ba. Ƙafafun Jarawa da sauran mazauna gindin duwatsun ne suka fitar da su, suna zuwa gona da rafi da kasuwa, makiyaya kuma suna bi da shanunsu. Na shekara fiye da ashirin ina bin irinsu da keke zuwa makarantun ƙauye, kuma ban taɓa shiga wata unguwa ban rage gudu na gaisa ba. Idan ka hango mace da kaya a ka, ko yara, ko garke, ka tsaya tun daga nesa ka yi magana, domin keke ba shi da ƙara, kuma saniya mai ɗan maraƙi idan ta firgita ba ta da kyau. Kada ka yanke ta cikin gonar acca ko ta dankali don ka rage hanya, ko da kana ganin an girbe. Shingayen kerana da za ka gani a gefen gonaki ma ka kiyaye su, domin farin ruwan da ke fita daga jikinta yana ƙona ido.

Ban yarda ka sake fita kai kaɗai ba. Kai baƙo ne, ba ka san inda ake shiga da inda ba a shiga ba, akwai kuma duwatsun da mutanen wurin ke girmamawa, sannan kowa ya san Filato ta sha fama da rikici. Ku fita ku uku ko huɗu, a cikinku da ɗan ƙasa, ku bar wa na gida labarin inda kuka nufa, ku dawo kafin azahar.

Batun lokaci kuwa, Yuli da Agusta ruwa ba ya ɗaukewa, dutse yana santsi, jar ƙasa tana liƙe wa taya, hadari kuma kan taso da tsawa da ƙanƙara alhali babu mafaka a kan falalen dutse. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙasa ta tsane amma ƙura ba ta tashi ba. A Disamba da Janairu hanyoyin sun fi fitowa fili, sai dai sanyin asuba na Jos kan sandarar da yatsu har su kasa latsa birki yadda ya kamata, don haka ka nemi safar hannu ko ka bari rana ta ɗan ɗaga.

Baƙon Jos ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada kamar yadda Ɗan Bukuru ya ce, kuma lallai birkin hagu ne ke tsayar da wilin gaba. Na ciro tiyub ɗin ma na ga huda biyu ce a jere. Baba, na karɓi maganarka, ba zan sake fita ni kaɗai ba. Abin da ya rage mini shi ne, in sa a juya birkin ya koma yadda na saba, ko in koya wa hannuna sabon tsarin?

Mai Gyaran Keke ya amsa:

A juya shi, Malam, musamman idan kana hawa babur. A lokacin firgita hannu tsohon sabonsa yake komawa. Tunda birkinka na waya ne, aikin bai wuce a cire kan wayoyin biyu daga hannayen birki a musanya su ba, sai dai idan wata ta gaza tsawo a sa sabuwa. Ka kawo shi ko ka kai wa na kusa da kai a haɗa da gyaran wilin, a kuma duba robar birkin, domin yawancin na gwanjo suna zuwa ne da robar da ta bushe ta yi ƙyalli.

Ɗan Bukuru ya amsa:

Idan kafaɗar ta warware kuma an gama gyaran, mu huɗu ne muke fita ta wajen Rayfield duk Asabar da misalin ƙarfe bakwai. Akwai wani ɗan tudu mai gangara a sarari, babu duwatsu a ƙasansa, a nan za mu fara da kai. Ka zo da ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi da hular kwanonka.