Antibayiros mai araha: wa ya taɓa saya, yaya ta kaya?

Maman yara, Aboabo
Salamu alaikum jama'a. Kwamfuta ɗaya gare mu a gida, kuma kowa na taɓa ta. Babbar 'yata na aikin makaranta, ƙannenta na kallo, ni kuma a ciki nake ajiye lissafin adashinmu. Jiya wani yaro ya ce zai sayar mini da lambar antibayiros, wato manhajar kare kwamfuta daga cuta, ta shekara uku sidi 50, in tura kuɗin ta MoMo a waya ya turo lamba. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa sayen irinta ya ba ni labari.

Tela, Asawase
Wa alaikumus salam Hajiya. Na saya bara. Ta yi aiki wata biyu, sai wata safiya na ga jan rubutu wai an toshe lambar, ta wuce adadin kwamfutocin da aka yarje mata. Ashe lamba ɗaya yake sayar wa mutane da yawa. Kuma da imel ɗinsa ya yi rajistar, ba nawa ba, don haka ko ƙorafi ban da bakin kaiwa kamfanin. Na kira shi, waya a kashe.

Ɗalibi, jami'ar KNUST, Kumasi
Mama, taki ma da sauƙi. Ni ko sisi ban biya ba, na sauke ta sata, wadda aka fasa makullinta, daga intanet. Umarnin farko da ta ba ni shi ne in kashe kariyar Windows kafin in saka ta, na kuwa kashe da hannuna. Washegari na buɗe babi na uku na aikin kammala karatuna, ya ƙi buɗuwa. Kowane fayil an liƙa masa wasu baƙin haruffa a ƙarshen sunansa, kuma a kowace jaka akwai takarda mai suna _readme.txt: in biya masu kutsen dala 980 su buɗe mini fayilolin, ko 490 in na tuntuɓe su cikin awa 72. Rubutun na sake shi daga abin da na tura wa malamina. Amma hotunan ranar da Baba ya dawo daga Hajji, tsakar gida cike da 'yan taro, shi yana raba zamzam da dabino, a wannan kwamfutar kaɗai suke. Baba ya rasu bara. Har yau na ajiye faifan ban goge ba.

Malamar firamare, Sawaba
Allah ya jiƙan Baba, ɗana. Hajiya, rangwame na gaskiya akwai shi. Na sayi tawa ƙarshen Nuwamba, lokacin Black Friday, kai tsaye daga kamfanin da katin banki, da imel ɗina, kwamfuta uku. Ba ta taɓa ba ni matsala ba. Inda na yi sake, ban lura ragin na shekarar farko ne kawai ba. Shekara na zagayowa suka cire cikakken kuɗi da dala, ana gab da biyan kuɗin makarantar yara. Yanzu ranar da na saya, ranar nake shiga in kashe sabuntawa ta kai-da-kai.

Mai gyaran kwamfuta, Adum
Hajiya, wace Windows ce a kai? In 10 ce ko 11, tana zuwa da antibayiros ɗinta, Microsoft Defender, kyauta, kuma ga amfanin gida ya isa muddin ana barin ta tana sabunta kanta. Mutanenmu na kashe sabuntawar don tsoron cin data, nan ake samun ɓaraka. Cutar kwamfuta WannaCry da ta addabi asibitocin Ingila a Mayun 2017, tun Maris aka fitar da maganinta, waɗanda ba su saka ba ta kama. A sani kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020.

In har za ki saya, Bitdefender ko ESET ko Kaspersky duk ana samu, amma a buɗe kwalin a gabanki, a yi rajista da imel ɗinki, a tabbatar lambar ta yankin Afirka ce. Kada a haɗa biyu a kwamfuta ɗaya, nauyi za ta yi.

Abin da ake yawan kawo mini ma filas ne, ɗan faifan USB. Yaro ya je buga takarda, ya dawo, fayilolinsa duk sun ɓuya sai gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Yana dannawa cutar ta shiga. Malam tela, wanda aka damfara ta waya yana iya kiran 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana.

Maman yara, Aboabo
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yata ta duba, Windows 11 ce, Defender na kunne da koren alama. Na faɗa wa yaron na fasa. Labarin hotunan nan ya tsaya mini a rai, don na sunan autana ma nan kaɗai suke. Malam mai gyara, Asabar zan shigo Adum neman faifan ajiya na waje. Mai girman nawa zai ishe mu?