Neman shawara: mun yaye ɗalibai, amma ba mu san inda suka shiga ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana da na cibiyarmu.

Ni ce mai riƙe da rajista a wata ƙaramar cibiyar koyar da manya sana'a a cikin birnin Kano. Wata shida kowane rukuni yake yi. Mata suna koyon ɗinki da haɗa sabulun ruwa da man shafawa, maza gyaran waya da aikin kwamfuta. Ranar Asabar kuma kowa yana zama aji ɗaya, a koya musu rubuta takardar neman aiki, da yadda ake amsa tambayoyi a intabiyu, da lissafin shiga da fita na ƙaramar sana'a. Yawancinsu manya ne, akwai zawarawa, akwai magidantan da aiki ya kuɓuce musu.

Masu ba mu tallafi sun aiko suna so kafin ƙarshen wata mu faɗa musu mutum nawa suka shiga, nawa suka kammala, nawa suka samu aiki. Biyun farko na lalubo da kyar: a rukuni uku mun rubuta mutum 140, mun ba 90 satifiket. Na ukun ne ba ni da amsarsa. Littattafanmu uku ne, kowane malami da nasa, mace ɗaya sai ka ga a nan an rubuta sunanta na yanka, a can an rubuta maman wane. Na bi lambobin waya, wasu a kashe, wasu wani daban ne ya ɗauka. Shugabanmu ya ce in rubuta kashi 80 cikin 100 sun samu aiki, wai kowa ma haka yake yi. Zuciyata ta ƙi kwanciya da wannan. Ku da kuka san aikin, yaya kuke bibiyar ɗalibanku? Kuma matar da take ɗinki a ɗakinta, wani makon ta samu wani makon babu, a wane layi zan sa ta?

Tsohon malamin yaƙi da jahilci:

Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki rubuta 80 ɗin nan. Ranar da aka zo dubawa, sa hannunki za a gani a takarda, ba na shugabanki ba.

Na koyar a azuzuwan manya tun lokacin da aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, zamanin Abubakar Rimi. Ba mu da kwamfuta, amma ɗalibi ba ya ɓace mana, saboda littafi ɗaya ne uwa, sauran duk 'ya'yansa ne. Ki sayi babban littafi mai bangon kwali. Duk wanda ya shigo ki ba shi lamba tasa shi kaɗai, wadda ba za a sake ba kowa ba ko ya daina zuwa, ko ya rasu. Malamai su riƙa kiran rajista da lambar nan. A gaban lambar ki rubuta sunan yanka, ki rubuta sunan da unguwa ta san mutum da shi, domin in kika je nemanta da sunan satifiket ba wanda zai gane wa kike nufi. Ki ƙara da unguwa, da masallacin da ya fi kusa da gidan, da sunan mai gida. Lambar waya tana mutuwa, kamfani ya sayar wa wani, amma kwatancen gida yana daɗewa.

Wata mai aikin bibiyar shirye-shirye, daga Kaduna:

Gaskiyar Baba ce. Ni kuma bari in tsaya a kan tambayarki ta biyu, don a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe.

Kalmar "ya samu aiki" ba ta da ma'ana sai an zauna an yanke mata ma'ana. Dubi abin da ya faru da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi a Najeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100. Da ta sauya hanyar lissafi, ta koma ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin farkon 2023 ya fito kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe ba a tsakani, ma'auni ne ya canza. Ke ma da ma'aunin awa ɗaya za ki iya kai 80 ɗin shugabanki, amma ba zai gaya miki ko cibiyarku tana amfanar kowa ba.

Abin da nake yi shi ne ba na tambayar eh ko a'a. Ina raba mutane gida-gida: mai aikin albashi a ƙarƙashin wani, mai sana'ar kansa da ke kawo kuɗi kowane mako, mai yi jefi-jefi, wanda ya koma gaban wani oga yana ƙara koyo, wanda bai fara komai ba, sai gida na ƙarshe, wanda ba mu same shi ba. Matar da kika ambata tana gidan jefi-jefi, kuma ba abin kunya ba ne, gaskiyarta ke nan. Gidan ƙarshen nan kuwa kada ki yarda a goge shi. In kin samu mutum 40 cikin 90, 30 daga ciki suna sana'a, ba za ki ce kashi 75 na ɗalibanku suna sana'a ba. Cewa za ki yi: mun samu 40, ga halin da suke ciki, 50 ba mu same su ba. Ki tuna wanda abu ya yi wa kyau shi ne mai saurin ɗaukar waya, wanda ya sayar da keken ɗinkinsa kuwa gudunki yake yi.

Sannan tun ranar cike fom ki tambayi mutum me yake yi yanzu. Na sha ganin macen da ta shekara biyar tana ɗinki ta shigo don satifiket kawai, a ƙarshe a lissafa ta cikin waɗanda shiri ya sama wa sana'a. In ba ki rubuta inda mutum ya taso ba, ba za ki san tafiyar da ya yi ba.

Lokacin bibiya: wata uku bayan yaye, wata shida, sai shekara. Amma ki lura da kalanda. In kika kira teloli a goman ƙarshe na azumi, kowa ɗinki ya yi masa yawa. Ki sake kira wata biyu bayan babbar salla ki ji bambanci.

Mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre, Kano:

Anti, ni daga wajen masu karɓar yaran zan yi magana. Akwai mutum biyu a shagona da suka fito daga irin cibiyarku, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni yadda suke. Da an zo da na faɗa cewa sun iya buɗe waya da canza sikirin, amma aikin cikin injin sai da na fara musu daga farko. Wannan ba ya cikin kowane fom, amma shi ne zai gyara muku koyarwa. Duk wanda kuka tura wajen oga, ku rubuta lambar ogan. Shago ba ya tashi kamar yadda layi yake mutuwa.

Kuma kada ki tambayi mutum nawa yake samu a wata. Wani zai rage don yana zaton tallafi za a raba, wani zai ƙara don kada a raina shi. Ki ce masa waya nawa ka gyara daga Litinin zuwa yau. Wannan zai faɗa miki ba tare da tunani ba.

Wata 'yar uwa, tsohuwar ɗaliba:

Ni na yi irin wannan karatu, na bari a wata na huɗu. Ba wanda ya neme ni. Ba lalaci ba ne, kuɗin adaidaita sahu ne ya gagare ni bayan cire tallafin man fetur a 2023, zuwa da dawowa sau huɗu a mako. Anti, kina ta maganar 90 da suka gama, ina 50 ɗin da suka bari? Mu ma mutanenku ne. Da a makon da na fara fashi wani ya kira, wataƙila da an mayar da ni rukunin da ke zuwa sau biyu.

Game da waya kuma, da yawa daga cikinmu lambar mai gida muke bayarwa. In namiji ya kira yana neman matar mutum, me kike zato? Mace ta kira mace. Ki kira bayan la'asar, an sauke girkin rana ba a ɗora na dare ba. Mafi sauƙi ma, kowane rukuni akwai mace ɗaya da ta san labarin kowa, wadda ta san wa ta haihu, wa aure ya kai Gusau, wa ta koma ƙauye da damina ba ta dawo ba. Ki nemo ta, ki sa mata kati a waya.

Mai aikin bibiya, daga Kaduna:

'Yar uwa, kin faɗi abin da na manta, kuma ya fi nawa muhimmanci. Anti mai tambaya, ki sa ƙa'ida: duk wanda ya yi fashi sau uku a jere a kira shi a makon, a rubuta dalili da bakinsa. Bayan rukuni biyu za ki ga dalili ɗaya ko biyu ne suke cinye muku mutane.

Wani matashi mai aikin kwamfuta:

Hajiya, littafin Baba yana da kyau, amma ki kwafe shi a Excel, mutum ɗaya layi ɗaya, kada ki buɗe wa kowane rukuni fayil daban. In za ku fita unguwanni, KoboToolbox, wato manhajar cike fom ta tattara bayanai, yana aiki a wayar Android ko babu intanet, in an dawo inda akwai sabis sai a tura. Ƙaramar cibiya irin taku ba sai ta biya ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Ki gaya wa mutum tun ranar rajista cewa za a riƙa kiransa har shekara guda, ki samu yardarsa a rubuce ko da dangwalen yatsa. Kada ki karɓi BVN, ba ruwan bibiya da shi. Jerin sunayen zawarawa da lambobinsu kada ya shiga zauren WhatsApp. Masu tallafi ma adadi za ki aika musu, ba sunaye ba.

Tsohon malamin yaƙi da jahilci:

Yaro, na yarda da kwamfuta, amma littafin ya zauna. Wanda ya iya na'urar yana iya barin aiki gobe ya tafi da sirrin buɗe ta. Kowace Alhamis a daidaita biyun.

Wata Hajiya mai cibiyar ɗinki a Zariya:

Ƙanwata, duk wannan na gobe ne, ke kuma ƙarshen wata ne a gabanki. Ga abin da na yi lokacin da na shiga irin halinki. Na kira taron tsofaffin ɗalibai ranar Lahadi, na ce kowa ya zo da abin da ya ɗinka. An yi zoɓo da cincin. Muna zaune muna hira wata malama tana cike takarda, kuma kowace ta zo sai mu tambaye ta labarin ƙawarta da ba ta zo ba. Labarin ƙawa ki rubuta shi a gefe daban, ki nuna ji aka yi ba gani ba. Tambayar da ta fi ba ni gaskiya ita ce, keken yana nan? In ta yi shiru kada ki matsa, wata rashin lafiyar yaro ce ta sa ta sayar.

Rahoton da na aika ya nuna ƙasa da rabi ne ke sana'a a kai a kai, na kuma rubuta yadda zan gyara bibiya. Ba su janye ba. Ba zan yi miki alkawarin naku ma haka za su yi ba, amma ki je wa shugabanki da takardar a shirye, da adadi na gaskiya da tsarin gyara a shafi ɗaya, ya fi ki je masa da "ba zan rubuta ba" kawai. Kuma waɗanda suka zana jarrabawar NABTEB, wato hukumar jarrabawar sana'o'i da kasuwanci ta ƙasa, ko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ki ba su layinsu, shi ma sakamako ne.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na zauna da malamai biyu muka haɗe littattafan uku, sai ga shi 140 ɗin ma ba daidai ba ne, mata shida an rubuta su sau biyu, 134 ne. Na sayi littafin da Baba ya ce. Na samu shugabar ɗalibai ta rukuni na biyu, a zama ɗaya ta ba ni labarin mutum 19. Taron tsofaffin ɗalibai mun sa shi Lahadi mai zuwa bayan azahar, kuma na ce a gayyato har waɗanda ba su gama ba. 'Yar uwa da kika bari a wata na huɗu, in a Kano kike ki yi mini magana ta akwatin saƙo, sabon rukuninmu akwai masu zuwa sau biyu a mako. Shugabanmu ban nuna masa takardar ba tukuna, sai ranar Litinin in na haɗa abin da taron ya bayar. Ku sa ni a addu'a.