Yaudara ce ko sakaci? Gama sakandare da shiga jami'a a Amurka

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, sai na amayar da abin da ke cikina. Tun yarona yana aji 9 a nan Kaliforniya, duk zuwan da zan yi makarantarsu magana ɗaya ce: ba matsala, zai gama a kan lokaci. Yanzu yana aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, mun zauna cike takardar neman Jami'ar Kaliforniya da ake rufewa a ƙarshen Nuwamba, sai ga shi bai cika sharuɗɗa ba. Makin D da ya samu a darasin lissafi na aljebra ta biyu, makaranta ta lissafa masa a matsayin ya ci, jami'a kuwa duk abin da ya gaza C ba ruwanta da shi. Faransanci shekara ɗaya ya yi, su biyu suke nema. Ashe sharaɗin gama sakandare daban, na shiga jami'a daban, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini. Wallahi wannan yaudara ce. Wanda ya san mafita ya taimaka mini.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo mafita. Amma ki janye kalmar yaudara, ta yi nauyi. Ni malamin makaranta ne, na san yadda abin yake. Jihar Kaliforniya ta ce mafi ƙarancin abin da yaro zai yi ya karɓi takardar gamawa shi ne Turanci shekara 3, lissafi shekara 2. Jami'ar kuma tana da nata jerin da ake kira A-G, darussa 15: Turanci shekara 4, lissafi 3, kimiyya 2, tarihi 2, wani harshe 2, fasaha 1, sai na zaɓi 1, kowanne da C ko sama. Duk a rubuce suke, ba a ɓoye ba. An ce miki zai gama, kuma zai gama ɗin. Ƙarya ina?

Anti Bilki:
Malam, ai dama kai ba za ka ga laifin makaranta ba, tunda cikinta kake. Mutum ya san kana nufin gabas, ya ga ka miƙi yamma, ya yi ta ce maka sannu da ƙoƙari har shekara uku. Idan wannan ba yaudara ba ce, mece ce?

Malam Habibu:
Yaudara sai da niyya, Anti. Mai ba ɗalibai shawara guda ɗaya tana riƙe da yara ɗaruruwa. Wace riba za ta ci don ɗan Hajiya bai shiga jami'a ba?

Anti Bilki:
To a kira shi ha'inci.

Malam Habibu:
Ai kin ƙara muni. Ha'inci cin amana ne da gangan.

Baban Iman:
Ni sakaci zan kira shi, kuma ba na makaranta ba. A yi mini afuwa Hajiya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ranar da D ta fito a takardar sakamako a aji 11, ranar ya kamata a tashi tsaye. Mu iyaye muna barin yara su zaɓi darussa da kansu, su kuma mai sauƙi suke bi.

Maman Sadiƙ:
Alhaji, sakaci fa ka ce? Ni da nake aikin dare in dawo in kai shi makaranta da asuba? Na je na tambaya, aka ce D ci ne. Ya zan yi in san akwai wani ci daban?

Hajiya Rabi:
Alhaji ka ji tsoron Allah. Kullum abu ya lalace sai a ɗora wa uwa. Ina uban yake a lissafinka?

Baban Iman:
Iyaye na ce, ban ce uwa ba. Ki koma ki karanta.

Hajiya Rabi:
Mun karanta. Hajiya ka kira da sunanta, ba mijinta ba.

Alhaji Sani:
Duk wannan matsalar Kaliforniya ce. Mu a Teksas tun 1997 akwai doka: yaron da ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsu, jami'o'in gwamnatin jiha za su ɗauke shi kai tsaye. Ku dawo nan ku huta.

Malam Habibu:
Alhaji Sani, faɗi sauran mana. Ƙaramin tsarin gamawa a Teksas kiredit 22 ne, wato ƙidayar darussan da yaro ya ci, amma mai son cin moriyar dokar nan sai ya yi babban tsarin mai kiredit 26, da aljebra ta biyu a ciki. Reshen Jami'ar Teksas na Ostin ma ba kashi 10 yake ɗauka ba, ya matse ƙasa da haka. Ramin da ɗan Hajiya ya faɗa kuna da irinsa.

Alhaji Sani:
Ni yarana uku sun shiga jami'a, ban ga wani rami ba.

Baban Hanif:
Teksas da Kaliforniya duk wasa kuke. A Niyok yaro sai ya ci jarrabawar jiha ta Regents guda biyar da maki 65 kafin ya ga takardar. Takardarmu ita ce mai daraja.

Anti Bilki:
Daraja a wajen wa? A 2024 mutanen Masacusets da ƙuri'arsu suka cire jarrabawar jiha daga sharuɗɗan gama sakandare, kuma ba wanda ya isa ya ce makarantunsu ba su da kyau. Jarrabawar rana ɗaya ba ta auna yaro.

Baban Hanif:
In ba ta aunawa, me ya sa jami'ar MIT ta dawo da jarrabawar shiga jami'a ta SAT a 2022, jami'o'in Harvard da Yale suka dawo da neman sakamakon jarrabawa a 2024? Hajiya, ki sa yaro ya zauna SAT, in ya doshi 1500 cikin 1600 ba mai ƙara tuna wata D.

Ummi:
Kawu, da girmamawa, wannan shawarar za ta ɓata mata lokaci. Jami'ar Kaliforniya ta daina duba jarrabawar SAT da takwararta ACT wajen ɗaukar ɗalibai, ko ya cinye makin duka ba zai goge D ba. Mama, ga abin da na sani, don ni ma ta wannan hanyar na bi. Ana maimaita darasin da aka samu D, jami'a ta ɗauki sabon makin. A lissafi kuma, idan ya ci darasin da ke gaba da aljebra ta biyu da C, yana rufe masa na baya. Ki je makarantar gobe ki tambayi ko zai iya shiga ɗaya daga ciki a wannan shekarar, don ana rubuta darussan aji 12 a takardar nema. Batun harshe ma akwai hanyar da ake tantance yaron da ya iya wani harshe ban da Turanci a lissafa masa, ki tambaya a kan Hausarsa. In duk bai yiwu ba, kwalejin shekara biyu tana nan. Ya haɗa kiredit 60 ya koma jami'a a shekara ta uku, rassa shida na jami'ar ma suna ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗansu.

Alhaji Sani:
Kwalejin shekara biyu? Haba. Ai nan ne matattarar waɗanda suka kasa.

Ummi:
Alhaji, ni can na fara, kuma digirin da ke hannuna iri ɗaya ne da na wanda ya shiga tun shekarar farko. Ba a rubuta a jikinsa ta ƙofar da mutum ya shigo.

Alhaji Sani:
Yarinya, ana magana da manya.

Hajiya Rabi:
Ita kaɗai ta kawo abin amfani tun da aka fara, shi ne za ka ce mata yarinya? Girman ai ba a shekaru kaɗai yake ba.

Baban Hanif:
Ni Hausar ce ta tsaya mini. Yaran da aka haifa a nan, gaisuwa ma da ƙyar suke haɗawa, wa zai tantance su ya ce sun iya?

Maman Sadiƙ:
Nawa yana ji yana mayarwa, Alhamdu lillahi. Ummi, tantancewar a makaranta ake yi ko a jami'a?

Baban Hanif:
Ji da mayarwa daban, karatu da rubutu daban, Hajiya. Laifin namu ne da muke yi musu Turanci a gida.

Anti Bilki:
Ka yi maganar gidanka. Ni dai ina nan a kan bakana. Tsarin da zai ce wa uwa D ci ne, alhali ya san ƙofar da take nema ba ta buɗuwa da D, ya yaudare ta. Malam ya ce a rubuce yake. A rubuce da wane harshe, a shafi na nawa?

Malam Habibu:
Ba kowane yaro ne jami'a yake nufa ba, Anti. In aka ɗaga sharaɗin gamawa ya yi daidai da na jami'a, yara da yawa za su fita ba takarda ko ɗaya. Su kuma wa zai yi musu magana?

Anti Bilki:
Ban ce a ɗaga ba. Cewa na yi a faɗa wa iyaye gaskiya tun aji 9.

Baban Iman:
Jama'a dare ya yi, a matsayina na mai kula da zauren nan bari in tattara. Abin da muka fahimta shi ne ba a yaudari kowa ba, Malam Habibu ya kawo hujja da lambobi kuma ba wanda ya iya rushe ta. Yawancinmu mun yarda cewa nauyin bibiyar darussan yaro yana wuyan iyaye, tun daga aji 9. An kuma ambaci kwalejin shekara biyu ga wanda ya rasa yadda zai yi. Ina roƙon a riƙa tauna kalma kafin a jefi malamai da ita, kuma matasa su riƙa sassauta harshe a gaban manya. Hajiya, Allah ya ba yaro sa'a. Na rufe wannan maganar.

Anti Bilki:
Yawancinmu su wa, Alhaji? Kai kaɗai ka ce sakaci. Ka ƙirga mu da kyau.